Sunan da Ban Rubuta Ba

Sunaye goma sha ɗaya na rubuta a takardar nan, da hannuna, da jan biro, kuma tun ina cikin rubutun na san sha biyu ya kamata su zama. Ba mantuwa na yi ba. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda masu zuwa su ce mini, "Ai ɗan Adam ajizi ne, Malama." Su riƙe lallashinsu, na gode. Wace uwa ce take mance 'yar da ƙirjinta yake kuka kamar ƙyauren da ya yi tsatsa?

Sunana Hansai. Haifaffiyar Kademi ce ni, aure ya kai ni wani ƙauye da ke gefen Toranke, a can kuma nake koyarwa a firamare, shekara goma sha uku ke nan. In kun tambayi yaran da suka bi ta hannuna za su ce muku Malama Hansai ba ta da wasa, kuma ba sharri suka yi mini ba. Bakina ba ya shayin kowa. Hedimasta na sha gaya masa gaskiya a gaban malamai, direban da ya cika gudu ma ba na ƙyale shi. Abu ɗaya tak bakin nan nawa ya kasa furtawa, shi ne sunan 'yata ta fari.

Wanda ya tashi a wajenmu ba sai an yi masa bayani ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki fara rugawa ki ɗaga shi ba. To ni abin ya haɗe mini goma da ashirin, don sunan uwar mijina aka raɗa wa yarinyar, a rajistar makaranta kuma aka liƙa mata sunan ubanta a baya. Ga 'yar fari, ga suruka, ga miji, duk a layi ɗaya. Ni kuwa Inna Hure ce ta haife ni, matar da har gobe in za ta yi zancen babban yayanmu sai dai ta ce "wancan na Kano." Saboda haka a gida "ke" nake ce wa yarinyar, in ina ba da labarinta kuma in ce "waccan." Ita ma da ta ga kowa yana ce mini Malama, sai ta bi sahu.

A hannun Inna ta tashi, a Kademi, tun daga yaye. Ba ta dawo wajena ba sai da za ta shiga aji huɗu, tana da shekara tara, 'yar siririya mai manyan idanu, ba ta da kwaramniya ko kaɗan. Da ita da ciwonta suka dawo. Inna fuka take ce masa, ta kuma yi shekaru tana ɗura mata zuma da tafarnuwa. Da muka kai ta asibiti a Gaya likita ya ce asma ce, ya rubuta mana inhela, wannan ɗan shuɗin maganin da ake fesawa a baki a shaƙa. Ya lissafa mana abokan gabarta: hayaƙi, turaren wuta, ƙurar shara, uwa uba ƙaiƙayin gero. A garin da kowane gida da rumbunsa, ku gaya mini inda za a kai yarinya ta ɓuya wa ƙaiƙayi.

A jakata inhelar take zama. Na ce tunda makarantarmu ɗaya, ni ce asibitinta. In ta ji ƙirjin ya fara ɗaurewa sai ta nemi izinin fita, ta zo ta tsaya a jikin tagar ajina, ba ta cewa uffan. Ni kuma in ba yara aikin kwafa, in zagaya bayan ofis kamar mai zuwa banɗaki, in fesa mata sau biyu, mu jira har numfashin ya daidaita, sannan kowa ya koma ajinsa ta hanya daban, sai ka ce masu cinikin kayan sata. In lokacin shara ya yi kuwa, na san yadda nake ƙirƙirar aike, yau ɗauko alli, gobe kai littattafai ofis. Shekara guda muka yi a haka, ko hedimasta bai sani ba.

Tunda na ɗauko faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Ina son 'yan mintocin nan na bayan ofis. Nan ne kaɗai nake ɗora hannuna a bayanta ina shafawa ba mai gani. Nan ne na san tana da ɗan tabo a bayan kunne, na san in ta samu sauƙi sai ta yi ɗan murmushi tana kallon ƙasa. Wata rana tana gama shaƙa ta zaro soyayyar gyaɗa ƙulle a leda daga aljihunta ta miƙa mini, ta ruga aji. Ban ce mata na gode ba. Na cinye gyaɗar ni kaɗai a aji, ƙwaya ɗaya ban ba kowa ba.

Ana nan sai ga Rekiya, ma'aikaciyar lafiya daga Ajingi, an turo ta zagayen makarantu. Ƙawata ce tun muna sakandare, gajera mai jiki, in tana magana sai ka rantse da lasifika a maƙogwaronta. Ta tara mu malamai a gindin darbejiya ta yi mana bayanin asma da borin jini, wato jikin da ba ya jituwa da wani abinci ko magani: yadda ake gane yaron da numfashi yake neman ƙwace masa, a zaunar da shi a miƙe kada a kwantar da shi, fesa nawa za a yi, da lokacin da za a daina jira a nemi mai babur. Ta ce kowace makaranta ta fitar da sunayen irin yaran nan ta liƙa a ofis, a ajiye maganinsu inda kowane malami zai iya kai hannu, a kuma ɗauke musu shara da duk aikin ƙura. Hedimastanmu, Malam Gwadabe, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Malama Hansai ce za ta riƙe." Dama duk aikin da ba mai so, nawa ne.

Na kuwa riƙe shi da hannu biyu. Gida-gida na bi, na samo bakwai masu asma, huɗu masu borin jini, har da wani yaro da in ya ci ƙuli-ƙuli leɓensa yake kumbura, a gidan da gyaɗa ce sana'arsu kaka da kakanni. Iyayen da suke ɓoye-ɓoye na yi musu tatas. Wata ta ce mini ita ba ta so duniya ta ji 'yarta tana da fuka, na ce mata, "To ajiye ta a ɗaka ta mutu da sirrinta, duniyar sai ta zo miki gaisuwa." Haka na faɗa, wallahi, ni ɗin nan.

Da Rekiya ta dawo duba takardar, ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama. Ita ta san zancen, don ita ta raka mu asibiti.

"Hansai, ina sunan Bara'atu?"

"Waccan ai tana hannuna."

"Hannun naki takarda ne? Ranar da ba kya nan fa?"

"Ina za ni? Shekarata nawa a makarantar nan, yaushe kika ji na yi fashi?"

"Ke dai miƙo biron in rubuta, tunda naki hannun ciwo yake."

Na damƙe birona. Na ce mata ba rubutun ne kawai ba. Duk wanda yake cikin takardar nan ba ya shara, ba ya zuwa gonar makaranta. Gobe in matan gari suka ji 'yar Malama ta shiga, me za a ce? Za a ce dama don 'yarta ta ƙirƙiro abin, ta zaunar da tata a inuwa 'ya'yan wasu suna shan ƙura. Kuma 'yar fari guda! Da wane ido zan kalli surukata?

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Rekiya. "Wannan ba kunya ba ce, Hansai, ganganci ne."

Na ce ta kama gabanta, makarantu goma suna jiranta. Ta tafi tana mita, ni kuma na liƙa takardata a bangon ofis.

Magungunan a cikin wani gwangwanin biskit na zuba su, kowanne da sunan mai shi a jikin filasta. Sati biyu ba a yi ba aka fara ɓata mini rai. Wani ɗan aji uku, Yusuf, ya zo da tasa inhelar a aljihu, ya bi abokansa yana fesa musu a hammata, wai turare. Sannan wata malama ta ɗauki ta wani yaro ta fesa wa mai tarin mura, uban mai maganin ya zo har makaranta yana kumfar baki. Nan take na kafa doka biyu. Ba yaron da zai ƙara riƙe magani a jikinsa, sannan na rubuta a murfin gwangwanin da manyan baƙaƙe: KADA A BA WANI MAGANIN WANI. Na tsaya a taron safe na karanta wa yara, na ce duk wanda na kama, malami ne ko ɗalibi, zai gamu da ni. Rekiya dama ta gaya mana a taron nan cewa in abu ya kai intaha, shuɗiyar inhela duk ɗaya ce, a ɗauki ta kowa a ceci yaro. Da kunnena na ji. Amma a lokacin fushi nake, ban rubuta wannan ba, ban kuma faɗa ba.

Bayan an yanke gero aka turo mana sabon malami daga Gaya, Malam Mudassir. Mutumin kirki ne, mai furfura ɗai-ɗai a gemu, irin mutanen nan da in takarda ta ce a tsaya, ko gini yana ruftowa ba za su matsa ba. Ranar da ya zo ni na zagaya da shi, na nuna masa takardar, na nuna masa gwangwanin, na ƙwanƙwasa murfin da yatsa na ce, "Malam, wannan rubutun ba ado ba ne." Ya ce, "In sha Allahu, Malama."

Satinsa uku aka aiko cewa duk malamai su hallara a Ajingi ranar Laraba don tantancewa, kowa da takardunsa na asali, wanda bai zo ba ya kuka da kansa. Shi Malam Mudassir an riga an tantance shi a inda ya baro, don haka shi aka bar wa makarantar.

Da safen nan a birkice na tashi, takardar ɗaukar aikina ta yi ɓatan dabo, sai a ƙasan akwatin zannuwa na same ta. Ina zura hijabi na ga yarinyar a bakin ƙofa, da littattafanta a hannu, tana kallon jakar da ke kafaɗata.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi? Ba kya ganin rana?"

"Ba komai, Malama."

"To wuce."

Ta wuce. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ni da ita.

Sai da mota ta ɗau hanya, na sa hannu a jaka zan sallami yaron mota, yatsuna suka taɓa inhelar. Na lallashi kaina: rabon da ciwon ya tashi an fi wata biyu, kuma kafin azahar muna gida. Ana cikin haka Malam Gwadabe, da yake gidan gaba, ya juyo yana ba malamai labarin dabarar da ya yi. Jiya mata sun gama sussukar geron gonar makaranta. Tunda malami ɗaya ba zai iya da aji shida ba, ya bar wa Malam Mudassir sallahu ya kwashi 'yan aji huɗu zuwa shida su share masussukar, su kwashe ƙaiƙayin su kai juji. Yarinyata a lokacin tana aji biyar.

"Ranka ya daɗe, duk yaran?" na tambaya.

"Ban da 'yan takardarki mana. Wa zai taɓa su ki cinye shi ɗanye?"

Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na yaƙe baki.

Lambar Malam Mudassir tana cikin wayata. Na fito da wayar na riƙe. Mu tara ne a motar nan, gwiwa da gwiwa, ga hedimasta, ga malamai, ga wani ƙanen surukata da ya shiga a hanya za shi kasuwa. In na kira me zan ce? Dole in ce 'yata, dole in faɗi suna don ya gane wacce, sannan kowa ya ji cewa ni mai yi wa iyaye tatas na ɓoye tawa shekara guda. Na fara rubuta saƙo, na kai "Malam don Allah ka cire" sai yatsana ya tsaya. Na goge. Na ce bari mu sauka in keɓe in kira shi a tsanake.

Muna sauka aka kora mu cikin wani zaure, aka ce kowa ya kashe waya, wanda aka kira sunansa ba ya nan sai wani watan. Ni da ba na jin tsoron kowa, ranar nan na bi doka kamar tunkiya. Na zauna da fayil ɗina a cinya ina cewa yanzu za a kira ni, yanzu za a kira ni. Hannuna ɗaya yana cikin jaka yana juya inhelar.

Sha ɗaya saura kwata aka gama da ni. Na fita na zagaya gindin wata tsamiya, ina kunna wayar saƙo ya shigo cewa Malam Mudassir ya neme ni sau huɗu. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Daga baya na ji a kan teburin ofis ya bar ta. Ina shirin kira na shida sai ga kiran maigidana.

"Kina ina?"

"Ajingi mana."

"Nemi abin hawa ki taho Gaya, asibiti. Yarinyar nan ce."

Ban tambaye shi komai ba, don ina tsoron amsar. Shatar ɗan acaɓa na ɗauka, ina bayansa ina cewa ya ƙara wuta, ni mai faɗa da direbobi a kan gudu. Inhelar tana damƙe a hannuna, har na cire mata murfi don kada in ɓata lokaci in mun isa.

A barandar asibitin na hango maigidana zaune a benci, hularsa a kan gwiwa. Malam Mudassir yana tsaye ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa fari fat da ƙaiƙayi. Ba wanda ya ɗago ya kalle ni. Wata nas ce ta kama hannuna ta shiga da ni, tana cewa in yi haƙuri, tun a hanya rai ya yi halinsa. Na yaye zanen da aka rufa mata. Ƙaiƙayin yana nan a girarta, yana nan a bakin hijabinta. Na tsaya ina cire mata shi ɗaya bayan ɗaya, har nas ɗin ta ce in zo haka, za a ba mu ita.

Kafin la'asar an kai ta. Da aka zo fita da makarar wani abu ya taso mini daga ciki, na buɗe baki zan kurma ihu, sai na ji hannun Inna a cinyata, ta matse ni da ƙarfi.

"Kama kanki," ta ce a kunnena. "Surukanki suna kallo. 'Yar fari ce."

Na haɗiye. Kwana uku ina zaune a kan tabarma, mata suna shigowa layi-layi. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya sa mai ceto ce." "Amin." Ina jin su a gefe suna yaba ni: kai, Malama akwai kara, ko ɗigon hawaye babu, ai 'yar gidan Hure ce. Inna kuwa har wani gyara zama take yi in ta ji. Ban taɓa tsanar yabo irin na kwanakin nan ba. Rekiya ta zo ta zauna kusa da ni tun hantsi har azahar, ba ta ce "ai na gaya miki" ba. Da ma ta zage ni, da na ji sanyi.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, maigidana ya leƙo ya ce Malam Mudassir yana soro, yana son magana da ni. Na je na tsaya a bayan ƙyaure. Mutumin ya zabge kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Malama, na zo ne ki yafe mini," ya ce. "Amma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina."

Na ce ina ji.

"Wajen ƙarfe goma wata yarinya ta rugo ta ce mini Bara'atu Da'u ta durƙushe. Na same ta a bakin masussuka, ta dafa gwiwoyi, wuyanta yana lotsawa in ta ja numfashi. Na ɗauke ta na kai ofis na zaunar. Na duba takardar nan sau uku, babu sunanta. Wallahi, Malama, ban ma san 'yarki ba ce. Sati uku ina makarantar nan, ban taɓa ganin kin kalle ta ba."

Na dafa bango.

"Na buɗe gwangwanin. Na ga rubutunki, amma na ce duk abin da za a yi mini a yi. Na ɗauko guda, na cire murfin, na kai bakinta. Sai ta riƙe hannuna."

"Ta riƙe hannunka?" in ji maigidana.

"Ta riƙe. Maganar ba ta fita sosai, ɗai-ɗai take jawo ta. Ta ce, 'Ta Yusuf ce. Malama ta hana.' Na ce ki bari, ni zan yi wa Malama bayani. Ta girgiza kai, ta toshe bakinta da hannu. Can ta ce, 'Tawa tana jakarta. Yanzu za ta dawo.' Yaran da ke bakin ƙofa ne suka ce mini ai mamarta ce. Na yi ta kiran wayarki a kashe. Nan ne na yi kuskuren da ba zan mance ba, na biye wa yarinya. Na ce tunda ita ta san ciwonta, bari mu ɗan jira. Ina yi mata fifita, ina ba ta ruwan ɗumi, ita kuwa idonta yana kan hanya. Da na ga leɓenta ya canja na ɓamɓare hannun na fesa mata, amma ba ta da ƙarfin ja kuma. Na tsayar da mai babur, na rungume ta a tsakiya. Mai kemis ɗin da muka fara tsayawa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce Gaya."

Ya shiga murza hularsa. Na ɗauka ya gama.

"Akwai abu ɗaya da ta roƙe ni tun muna ofis. Na yi ta tunanin ko in faɗa ko in bari, amma amana ce, ke ya kamata ki ji. Ta ce kada in gaya wa kowa tana da ciwon. Wai Malama za ta ji kunya."

Ban san lokacin da na bar bayan ƙyauren ba. A tsakar gida na tsinci kaina a durƙushe, kukan da na haɗiye kwana uku ya ƙwace, irin kukan da ba a yi wa 'yar fari, a gaban dangin miji, a gaban maƙwabta, a gaban kowa. Yarinya 'yar shekara goma tana neman iska, ga magani a bakinta, ta ture shi don ta tsare mini doka, ta tsare mini fuska. Ni na koya mata. Ba da baki ba, da zagayen bayan ofis na koya mata.

Inna ta taso da sauri tana jan hijabina. "Hansai! Mutane fa! Ke ba kya jin kunyar mutane?"

"Shekara goma ina jin kunyarsu, Inna," na ce. "Wanne ne a cikinsu zai ba ni 'yata?"

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa, surukata ce, tsohuwar da tun da aka yi rasuwar ba ta fito daga ɗakinta ba. Ta lallaɓo ta zauna a ƙasa kusa da ni da ƙyar, ta cire hannun Inna daga jikina, ta ja kaina ta ɗora a cinyarta.

"Yi kukanki, 'yar nan," ta ce. "Jiya aka ba ni labarin takardar. Ashe don sunana ne? Ni da kin tambaye ni, da na ce ki rubuta shi ko sau ɗari ne."